A bar wutar matoya tana ci

Akwai tambayar da kusan duk wanda ya karanci zane ko ginin tukwane a babbar makaranta ya sha ta, wani daga bakin mahaifinsa, wani daga bakin abokan karatu: "Yanzu fisabilillahi shekara huɗu za ka kwashe a jami'a kana cuɗa taɓo?" Ni ba na ganin laifin mai wannan tambaya. Uban da ya haɗa kuɗin makaranta da gumin goshinsa yana da haƙƙin sanin abin da ɗansa zai fito da shi. Abin da ya dame ni shi ne tambayar ta tashi daga bakin iyaye ta koma ofishin shugabannin makarantu, su kuwa ba sa jiran amsa. Da zarar aljihun makaranta ya fara rauni, sashen zane da sassaƙa da tangaran ake fara dubawa, a cikin sashen kuma abin da ake fara kashewa shi ne matoya, murhun da ake gasa abin da ɗalibai suka gina.

Lissafin da ke kai su ga haka ba shi da wuyar ganewa. Malami guda zai iya tsayawa gaban ɗalibai ɗari uku ya yi musu lacca a kan tarihi ko tattalin arziki, allo da lasifika sun ishe shi. Ɗakin ginin tukwane kuwa in ya ɗauki mutum goma sha biyar ya cika. Kowa na son faifan juyi nasa, wato faifan da ake juyawa ana gina tukunya a kai, ga yumɓu buhu-buhu, ga kantocin da aiki zai sha iska ya bushe, ga gas ko lantarkin da zai riƙe wuta yini guda cur, ga ma'aikacin da ya san ciwon matoya da maganinta, ga hanyar fitar da ƙura da hayaƙi. In aka raba wannan ɗawainiya bisa kan ɗalibai, akanta zai ja jan layi, kuma a iya aikin da aka ɗora masa bai yi ƙarya ba.

Abin ya riga ya faru a ƙasashen da ake ganin sun fi kowa wadata. A 2021 gwamnatin Biritaniya ta zaftare rabin wani tallafi na musamman da ake bai wa jami'o'in Ingila saboda kwasa-kwasan fasaha masu cin kuɗi, ta ce kimiyya da likitanci ne a gabanta. Tun kafin nan makarantun ƙasar sun yi ta rufe digirin tangaran ɗaya bayan ɗaya, a ƙasar da take da Stoke-on-Trent, garin da duniya ta sani da masana'antun tangaran. A Amurka, makarantar San Francisco Art Institute da aka kafa tun 1871 ta rufe a 2022. University of the Arts da ke Philadelphia ta bi sahu a watan Yunin 2024, da sanarwar kusan mako guda, ɗalibai suna tsakiyar karatu. Na sani bashi da raguwar masu neman shiga suna cikin abin da ya kayar da waɗannan makarantu biyu, ba zan ɗora wa mutum ɗaya laifin ba. Amma in ka ga iska tana kada itatuwa duk gefe guda, ka san daga ina take tasowa.

Duk da haka rufewar ba ita ta fi tayar mini da hankali ba. Makarantar da ta rufe ta faɗi gaskiya, ta ce ba za ta iya ba. Wadda ta fi cutarwa ita ce mai barin allon suna a ƙofa ta kwashe abin da ke ciki.

Na taɓa shiga irin wannan sashe ranar baje kolin 'yan ajin ƙarshe. Tukwane ne jere a kan tebur, masu kyan fasali, wasu har suna ɗaukar ido. Na ƙwanƙwasa ɗaya da farce, sai na ji dum, babu amon nan na abin da ya ga wuta. Ɗanyen yumɓu ne aka bari ya bushe aka shafe shi da fentin gwangwani. Na tambayi ɗalibar da ta gina, ta sunkuyar da kai ta ce tun shigarta makarantar ba ta taɓa ganin an kunna matoya ba. Ta kai ni bayan ginin na gani da idona, an cika cikinta da karyayyun kujeru. Yarinyar tana da hannu, duk wanda ya ga bakin tulun da ta gina zai shaida. Ta rubuta jarrabawa a kan yadda ake gasa tukwane, ta kuma ci. Za a ba ta takardar da ke cewa ta ƙware a tangaran, alhali rabin sana'ar, rabin da ya fi wuya, ko ƙofarsa ba ta leƙa ba. Wannan cin amana ne, kuma har yau in na tuna sunkuyar da kanta sai raina ya ɓaci, domin ba ita ya kamata ta ji kunya ba.

Bari in faɗi abin da ke cikin wancan rabin, saboda masu cewa wasa da taɓo ne galibi ba su san shi ba.

Yumɓu ba ya karɓar uzuri. Daga ɗanye zuwa gasasshe yana tsukewa da kusan kashi ɗaya bisa goma, wani ma fiye, don haka mai gina tukunya da murfinta dole ya san yadda kowanne zai ja baya, in ba haka ba su fito daga wuta ba sa ga maciji. In aka sa aiki a matoya da sauran danshi, zafi na wuce maki 100 a ma'aunin Salshiyas ruwan ciki zai zama tururi ya tarwatsa shi, ya haɗa da na maƙwabta. Tsakanin maki 450 da 600 ruwan da ke ɗaure a cikin sinadarin yumɓun kansa yake fita, daga nan kuma ya bar zama ƙasa har abada, ko shekara dubu zai yi a ruwa ba zai koma taɓo ba. A daidai maki 573 ƙwayoyin yashin da ke cikinsa sukan sauya tsari su kumbura farat ɗaya, su kuma tsuke a wannan wuri in wuta tana hucewa. Wanda ya yi gaggawa a nan, wajen hawa ko wajen sauka, tsagaggen aiki zai kwasa. Abin da aka gasa a wajen maki 1,000 zuwa 1,100 yana nan da 'yan kafofin da ido ba ya gani, shi ya sa irin wannan tulun yake gumi ya sanyaya ruwa. In aka kai maki 1,200 zuwa 1,300 da yumɓun da zai iya jurewa, jikin yakan haɗe ya yi ƙarfi kamar dutse, ruwa ba ya ratsa shi.

Shafen ƙyallin da ke kan kofi ko faranti kuma gilashi ne siriri aka narkar a jikinsa. Sinadarin silika, wanda shi ne ginshiƙin gilashi, shi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya haura maki 1,700, don haka ake haɗa shi da abin da zai sauko da shi, kamar farar ƙasa ko tokar itace, a ƙara alumina, wani sinadari da ke cikin yumɓu, don kada ya zurare ya manne da kanta. Dole kuma shafen da tukunyar su tsuke tare wajen hucewa. In ya fi ta tsukewa ya tsattsage kamar saƙar gizo-gizo, in ta fi shi ya ɓare. Jan ƙarfe ɗan kaɗan a cikin haɗin zai ba da kore idan wuta ta sami wadatacciyar iska, shi ɗin dai zai ba da ja wur idan aka shaƙe ta ta yi ƙarancin iskar oksijin. Wani Bajamushe masanin sinadarai, Hermann Seger, shi ya tsara hanyar lissafa irin wannan haɗi a ƙarni na 19, ya kuma fito da 'yan tsinin nan da ake sawa a matoya su lanƙwashe idan wuta ta kai inda ake so. Sannan ga dalma. Tana sa shafe ya narke da wuri ya yi sheƙi, ba ta da tsada, amma in ba a san yadda ake ɗaure ta ba sai ta riƙa zubowa cikin abin da aka zuba a kwanon, musamman mai tsami, kuma ƙwaƙwalwar yara ta fi yi wa lahani. Ƙurar silika ita ma in an daɗe ana shaƙa tana kashe huhu a hankali. Ina so wanda ya ce wannan ba ilimi ba ne ya gaya mini mene ne ilimi.

To amma ko mutum ya haddace duk abin da na lissafa, bai iya ba tukuna. Kaurin bangon tukunya tsakanin yatsu biyu ake jin sa, ido ba ya gani. Launin wuta ta 'yar kafar leƙe, daga ja mai duhu zuwa ruwan lemo zuwa rawaya mai kashe ido, sai wanda ya kwana gaban matoya yake karanta shi. Karin maganar nan da muke cewa tun ran gini tun ran zane ta yi daidai da wannan sana'a, kuma ba ado ba ce. Akwai ɗan lokacin da yumɓu ya daina zama taɓo bai kuma bushe ba, a nan yake karɓar zane, a nan hannun kofi yake kama jiki. In ya wuce ya wuce. Babu littafin da zai gaya maka ƙarfe nawa ne wannan lokaci, domin ya danganta da iskar ranar da kaurin aikin da irin ƙasar. Tafin hannu ne yake sani, shi ma sai bayan ya yi kuskure sau da dama.

A nan mai ja da ni zai sami ƙofa, kuma ƙofar tana da faɗi. Zai ce ai ka kashe bakinka da kanka. In hannu ne yake sani, me ya kawo jami'a? Gutsattsarin tukwanen da aka tono a kogon Xianrendong a ƙasar Sin sun kai kusan shekara 20,000. Na Ounjougou a Mali sun haura shekara 11,000. Duk tsawon wannan zamani uwa ce take koya wa 'ya, ubangida yana koya wa yaronsa, babu zauren lacca, babu takardar shaida. Mai son sana'ar ya je ya zauna gaban gwani, ya huta da kuɗin makaranta.

Wannan hujja ce mai nauyi, kuma ga mutane da yawa ita ce shawarar da ta dace. Ba kowane magini ne yake bukatar digiri ba, ni ma ba zan tura kowa ba. Amma akwai abin da zama gaban ubangida ba ya bayarwa, kuma na farkonsa shi ne damar ɓata aiki. Ubangida kasuwa yake yi wa gini. Duk tukunyar da ta fashe asara ce daga bakin iyalinsa, saboda haka yaronsa zai maimaita abin da aka san yana fita lafiya, kuma daidai ne ya yi haka. Ɗalibi kuwa yana iya ƙarar da zangon karatu guda a kan 'yan fale-falen gwaji ɗari biyu, yana sauya sinadari ɗaya kaɗan-kaɗan, yana rubutawa, ɗari da casa'in su fito ba kyan gani, goma su nuna masa hanyar da babu wanda ya gaya masa. Da irin wannan naci sana'ar ta yi manyan tsallakenta. Turawa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna sayen farin tangaran daga Sin ba su san sirrinsa ba, sai a wajen 1708 wasu Jamusawa biyu, Böttger da Tschirnhaus, suka dace da haɗin bayan gwaje-gwaje masu yawa, aka kafa masana'antar Meissen a 1710. Sirrin shi ne farin yumɓun da ake kira kawolin, wanda sunansa ya samo asali daga Gaoling kusa da Jingdezhen, da kuma wuta mai tsananin zafi. Josiah Wedgwood a Ingila ya yi gwaji dubbai, kowanne da lambarsa a littafi, har ya ƙirƙiro ma'aunin zafin matoya, abin da ya sa ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta karɓe shi a 1783. Waɗannan sun sami sarki ko dukiyar da ta ɗauki nauyin kuskurensu. Ɗan talaka mai irin ƙwaƙwalwarsu, makaranta ce kaɗai za ta ba shi wannan fili. Da aka buɗe makarantar tangaran a Alfred da ke jihar New York a 1900, ƙarƙashin Charles Binns, masu fasaha da masu kimiyyar yumɓu inuwa ɗaya aka sa su, kuma har yau sunanta yana gaba a wannan fanni.

Sai kuma zaman tsefe aiki, wanda a ganina shi ne zuciyar wannan karatu, ko a zane, ko a zayyana, ko a tangaran. Ɗalibi zai ajiye abin da ya yi makonni yana yi a tsakiyar ɗaki, malamai da 'yan ajinsa su kewaye, a tambaye shi me ya nufa, me ya sa gindin ya yi nauyi haka, me ya sa wannan launi yake faɗa da wancan, wa zai riƙe wannan hannun bai ƙone ba. Ba zai ce littafi ne ya faɗa ba, domin babu littafin da ya san da wannan aikin. Zai kare abin da zai iya karewa, ya amsa kuskure inda ya yi, ya koma ya sake. Mako mai zuwa shi ne zai tsefe na wani, ya koyi faɗin gaskiya ba tare da ya karya zuciya ba. Na ga inda ake ɓata wannan zama, malami ya mayar da shi dandalin wulaƙanci ko ya riƙa neman kowa ya yi irin aikinsa, kuma wannan ɓarna ce da ya kamata a hana. Amma in an yi shi da adalci, ban san wani darasi a jami'a da yake raba mutum da son zuciyarsa a kan aikinsa kamar wannan ba. Mutum ya shekara huɗu ana nuna masa aibin abin da yake ƙauna, yana gyarawa ba ya fushi, ai ya fita da abin da zai yi masa amfani ko da bai sake taɓa yumɓu ba.

Ga kuma faɗin ido. Yaron ubangida salon gida ɗaya yake sani. Ɗalibi zai ga na Sin da na Koriya da na Farisa da na Girka da na Afirka, ya zauna kusa da mai saƙa da mai ɗab'i da mai ɗaukar hoto, ya ɗebi abin da ya yi masa.

Sai dai kada jami'a ta ji wannan ta ɗaga kafaɗa, domin laifinta a lalacewar abin ba kaɗan ba ne. Makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya kafa a Weimar ta Jamus a 1919, wadda shekara goma sha huɗu kawai ta yi kafin matsin 'yan Nazi ya rufe ta a 1933, ita ce uwar tsarin da yawancin makarantun zayyana suke bi yau. A farkonta kowane ɗakin aiki malami biyu yake da shi: ɗaya mai fasaha da ke kula da siffa, ɗaya gwanin sana'a da ke kula da hannu. A ɗakin tukwanenta da ke Dornburg, Gerhard Marcks masassaƙi ne, Max Krehan kuwa magini ne da ya gaji sana'ar. Makarantun da suka kwaikwayi Bauhaus sun riƙe malami na farko sun sallami na biyu. A wurare da yawa yanzu ba za a ɗauke ka koyar da gini ba sai kana da babban digiri, ba za a ƙara maka girma ba sai ka wallafa maƙala, ko da ka shekara goma ba ka buɗe matoya ba. Gwanin da ya yi shekara arba'in yana gini kuwa, in ma an kira shi, na yini ɗaya ne, a ɗauki hoto a sallame shi.

A duba labarin Magdalene Odundo. An haife ta a Kenya a 1950, ta je Ingila da niyyar karatun zayyana, ta koma ginin tukwane a makarantar fasaha ta Farnham. A 1974, tana ɗaliba, ta zo cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen magini Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu, ta ga hannun Ladi Kwali da sauran matan da ke gini a wurin, ta koyi ɗaga tukunya ba tare da faifai ba. Ladi ba ta yi karatun boko ba, a gida ta koyi gini tun tana ƙarama. Ta shiga cibiyar a 1954, mace ta farko, ta ƙara da faifan juyi da shafen ƙyalli da wuta mai zafi a kan abin da ta zo da shi, aikinta ya kai gidajen baje koli na Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Odundo kuma ta wuce Royal College of Art, ta zama farfesa, a 2018 aka naɗa ta uwar jami'ar da makarantarta ta Farnham take ciki. Tukwanenta har yau da hannu take ɗaga su, ta goge su sumul ba shafen ƙyalli, wuta ta ba su ja ko baƙi. Odundo makaranta ta ba ta fili da faɗin ido, Ladi ta ba ta hannu, Ladi ma cibiyar ta ƙara mata da kimiyyar wuta. Kowacce sai da ta sha daga rijiya biyu. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce, da Ladi za ta dawo yau ta nemi aikin koyarwa, jami'a nawa ce dokarta za ta bari a ɗauke ta?

Saura maganar abinci, wato me zai ci in ya gama, kuma ba zan kauce mata ba. Mafi yawan masu wannan digiri ba za su yi suna ba, ba za a rataye aikinsu a manyan gidajen tarihi ba. Makarantar da ke nuna wa yara hoton shahararru biyar tana ɓoye musu dubban da ba a ji labarinsu ba, yaudara take yi, balle in yaro bashi zai ci ya biya. Wajibi ne a koya musu yadda ake lissafa kuɗin aiki tun daga yumɓu har wuta har lokacin da aka ɓata, yadda ake rubuta yarjejeniya da mai ba da aiki, yadda ake kare haƙƙin mallakar zane, yadda ake gina ƙaramar matoya da bulo a kuma gyara ta. Sashen da yake ganin wannan ƙasƙanci ne ga fasaha, ɗalibansa yake jefawa rami.

Amma a daina magana kamar ƙofa ɗaya ce. Tun a 1837 gwamnatin Biritaniya ta buɗe makarantar zayyana a Landan, wadda daga baya ta zama Royal College of Art, ba don son ado ba, don ta ga kayan masana'antunta suna shan kashi a kasuwa gaban na Faransa wajen kyan tsari. Alamomin hanya da direbobin Biritaniya suke bi tun shekarun 1960, waɗanda ƙasashe da dama suka kwaikwaya, aikin Jock Kinneir ne da Margaret Calvert, ita kuma ɗalibarsa ce a makarantar fasaha ta Chelsea kafin su fara aiki tare. Sun zauna sun auna girman harafi da tazarar da ke tsakani yadda mai gudu a mota zai karanta cikin ƙiftawar ido. James Dyson mai injin share ƙura daga Royal College of Art ya fito, kuma sai da ya ƙera samfuri fiye da 5,000 kafin ya dace, wanda shi ne dai tarbiyyar gwada ka sake ta ɗakin aiki. Tangaran kansa yana cikin abin da ke riƙe wayar lantarki a kan turke, yana cikin fulogin mota, da haƙorin da likita ke dasawa, da tayil da bahon wanka. Tukunyar tace ruwa da Fernando Mazariegos ya ƙirƙiro a Guatemala a 1981 yumɓu ne aka cuɗa da garin katako ko ƙaiƙayi, wuta ta cinye garin ta bar ƙananan kafofin da ruwa zai bi ya bar ƙazanta a baya. In kafofin sun yi faɗi ƙwayoyin cuta su wuce, in sun yi ƙanƙanta ruwa ya ƙi sauka. Mai daidaita wannan dole ya san ƙasa, ya san wuta, ya san awo, kuma lafiyar yara tana rataye a kan saninsa.

Wasu za su ce zamani ya wuce nan, kwamfuta tana fitar da hoto cikin daƙiƙa, akwai injin da ke ɗab'a tukunya daga yumɓu. Gaskiya ne, kuma ya kamata ɗalibai su koyi waɗannan na'urori, wanda ya ƙi su kansa ya cuta. Sai dai abin da injin ya ɗab'a shi ma zai tsuke, shi ma zai bi ta maki 573, shi ma zai fashe in an yi masa gaggawa. Kuma da hotuna suka yi arha har suka zama kamar yashi, wanda ake nema shi ne mai idon da zai duba ɗari ya ce wannan ne, ya kuma faɗi dalili. Wannan ido a zaman tsefe aiki ake wasa shi. A 2018 Roger Kneebone, farfesan koyar da tiyata a Imperial College ta Landan, ya koka cewa ɗaliban likitanci suna zuwa da maki mai kyau amma hannunsu bai saba da yanka da ɗinki ba, saboda sun taso ba sa ƙera komai. In likitoci sun fara jin raɗaɗin rashin aikin hannu, ina ga waɗanda hannun ne jarinsu?

Abin da nake nema a wurin masu riƙe da makarantu ba shi da yawa. In ba za ku iya riƙe matoya ba, ku haɗa kai da makarantar da ke kusa ko da masu sana'ar ku yi tarayya a guda, ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In wannan ma ya gagara, ku sauke allon, ku kira kwas ɗin tarihin fasaha, wanda shi ma karatu ne mai daraja, kada ku karɓi kuɗin yaro da sunan abin da ba ku da shi. Ku buɗe ƙofar koyarwa ga gwanayen da ba su da takarda, da albashi da kujera, ba ziyarar yini ɗaya ba. Ku daina auna malamin gini da yawan maƙala kawai, ku je ku ga abin da ɗalibansa suke fitarwa daga wuta.

Kai kuma mai shirin shiga, ko mahaifin da zai biya, kada ƙasidar talla ta ishe ku. Ku je da ƙafarku a ranar da ba a shirya muku ba. Ku wuce ofis, ku nemi a kai ku bayan gini inda matoya take. Ku sa hannu a bangonta, ku duba ko akwai baƙin hayaƙi a bakinta, ku tambayi ɗalibin da kuka fara cin karo da shi yaushe rabon da a kunna ta, kuma wa ya kwana yana gadinta. Sannan ku duba gefe, ko akwai tarin fasassun tukwane da 'yan fale-falen gwaji masu lamba a bayansu.